Tabarmar Mai Jinya: Wa Ke Ɗauke da Wanda Ya Kwanta a Ƙasar Madobi?

A farkon shekarar 1824, zamanin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wani Baturen Birtaniya mai suna Hugh Clapperton ya sauka a birnin Kano. Cikin abubuwan da ya gani ya rubuta har da wata unguwa a cikin ganuwa wadda makafi ke zaune a cikinta, ɗakunanta a gyare tsaf, mazaunanta na samun wani kaso daga hannun sarki, suna kuma fita bara kasuwa da lunguna. Ke nan kimanin shekara 200 da suka wuce, tun ba a san allura ko farar riga ba a ƙasar nan, Kano ta riga ta yi wa makafinta tsari.

Tsarin bai tsaya kan makafi ba. Mun taso mun tarar da Sarkin Makafi da Sarkin Kutare da Sarkin Guragu, kowanne da rawaninsa da jama'arsa. Baƙon makaho in ya shigo gari, gidan sarkinsu yake sauka. Shi ke raba faɗa a tsakaninsu, shi ke shigewa gaba wajen neman aure, in ɗayansu ya rasu su ke haɗa kuɗin likkafani. Makafi da yawa ma ba da bara kaɗai suke ci ba. Tukar igiya sana'arsu ce, kuma a cikinsu akwai mahaddata da ake zuwa ɗaukar karatu a wurinsu.

Sai dai abu guda ya haɗa waɗannan rukunai uku: dukkansu masu fita ne. Makaho na da sanda da ɗan jagora, gurgu na rarrafawa ko a ɗora shi kan jaki, kuturu na takawa ko da ƙyar. Akwai na huɗu, wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ko ƙashin bayansa ya karye, ko tsufa da ciwo suka haɗu suka kayar da shi. Wannan bai taɓa yin sarki ba, ba shi da unguwa, kuma baƙo ba ya ganin sa balle ya rubuta shi, don yana can ƙuryar ɗaki bayan zaure, a hannun mata. Tarihinsa nake son bi, yadda na ji shi a gidanmu a ƙasar Madobi da yadda na gan shi da idona, domin har yau ba a yanke wa zai ɗauki wane ɓangare na nauyinsa ba, kuma rashin yanke wannan magana rai yake ci.

Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya, tana amarya mahaifin mijinta ya faɗi a gona, aka ɗauko shi hannu da ƙafa na dama ba sa motsi, baki ya karkace. Ta sha ba mu labarin yadda gidan ya raba aikin ba tare da an zauna an yi shawara ba. Ita suruka ce, akwai kunya, saboda haka ba ta taɓa jikinsa. Nata shi ne dama kunu mai ruwa-ruwa da ɗebo yashi daga rafi. Babu katifa a lokacin, balle leda. Yashin ake tankaɗewa a shanya ya sha rana, a shimfiɗa a ƙasa, a ɗora tsumma a kwantar da shi. In ya ɓaci a kwashe, a zubo sabo. Wanka da tsarki na uwargidansa ne, ɗagawa da juyawa na ƙaninsa da 'ya'yansa maza, su ne kuma ke yi masa alwala su fuskantar da shi alƙibla. Abinci bai taɓa zama abin magana ba, saboda gidan gandu ne: uba da 'ya'ya na noma gona ɗaya, rumbu ɗaya ake buɗewa, kuma wanda ya kasa fita gona ba a cire ƙwaryarsa daga rabon tuwo.

Masu sani kuma su ke zuwa. Wanzami ya zo da zabirarsa ya yi ƙaho. Malam ya aiko da rubutu. In karaya ce, maɗori ya zo da karansa da tsummansa, ya ɗora, ya riƙa dawowa yana dubawa har ƙashi ya kama. Kowannensu ya gama a sallame shi da damin dawa ko kaza. Ba ina cewa duk abin da suke yi yana magani ba. Abin da nake so a riƙe shi ne fasalin: mai sani shi ke takowa har shimfiɗar mara lafiya, ya ga ɗakin, ya ga masu jinyar, ya ce musu ku yi kaza ku bar kaza. Iya kuma ba ta ɓoye mana ɗaya gaskiyar ba, cewa irin wannan kwanciya ba ta daɗewa. Damina ɗaya, rani ɗaya, sai a ji salati. Gida na iya jure jinyar watanni ko da ba ilimi.

Zuwan Turawa ya juya fasalin. Ilimin ya zauna wuri ɗaya, mara lafiya ne za a ɗauka a kai masa. Ɗaya daga cikin wuraren da aka gwada haɗa magani da ciyarwa da matsuguni a inuwa ɗaya shi ne sansanin kutare. A 1937 mishan ɗin SIM ta karɓi ragamar irin waɗannan sansanoni na hukumomin En'e: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato. Mai kuturta na samun ɗaki da gona da allurar wani mai da ake yi a lokacin, ana kuma wanke masa gyambo kullum. Wani abu da ya kamata a tuna da shi, da yawa daga cikin masu wanke gyambon nan su ma majinyata ne da aka koya wa aikin. An ɗauki mutumin da bai yi boko mai zurfi ba, an nuna masa yadda ake tsabtace ciwo da naɗe shi, ya kuma iya. Amma tsadar abin ta yi yawa: an raba mutum da danginsa shekara da shekaru, sunan wurin ya zama tambari a goshinsa, ga kuma tsoron da iyaye Musulmi ke yi na a sauya wa 'ya'yansu addini. Da ƙwayar dafson ta bazu a shekarun 1950, sai aka koma raba magani a ƙananan asibitocin karkara, mutane suka zauna a garuruwansu. Ƙwayar na kashe cutar, amma ba ta dawo da jin zafi a tafin ƙafa ba. Gyambon ya bi su gida, mai wanke shi kuwa ya tsaya a sansani.

Sauran asibitocin birni sun zo da nasu aikin. Asibitin ido na mishan ya buɗe a 1943, na ƙashi da ke Dala a 1959, kuma ba ƙaramin alheri suka yi ba. Mutanen da a zamanin Iya sai dai a yi musu addu'a, yanzu ana yi musu aiki su rayu. To amma tun daga farko asibitinmu bai ɗauki jikin majinyaci gaba ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin marasa lafiya ya san yadda abin yake. A kan gado akwai majinyaci, a ƙasa ko a baranda akwai tabarma, a kan tabarmar akwai mai jinya da fulas da bokiti da buta. Nas ce ke yin allura, ta sa ruwa, ta auna jini, ta wanke ciwo. Mai jinya ke kawo abinci, ta ba shi a baki, ta goge masa jiki, ta kai fo ta zubar, ta wanke zannuwa, ta ruga kemis da takarda a hannu. Bayan tsuke bakin aljihun gwamnati da aka fara a 1986, har auduga da safar hannu sai da suka koma wuyan mai jinya. Wannan rabon yana tafiya muddin ana cikin asibiti, don in abu ya rikice nas na kusa. Ranar sallama ake gane cewa babu wanda ya yi tanadin abin da zai biyo baya.

Ana cikin haka ruwa ya zo mana. A zamanin Gwamna Audu Bako aka yi dam ɗin Bagauda, aka fara gwajin noman rani a Kadawa, sannan aka gama dam ɗin Tiga a 1974. Kashin farko na shirin noman ranin an tsara shi kan hekta 22,000, kuma daga baya hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are ta karɓi kula da shi. Kura da aka sani da rini da bugu, mai baƙin yadin da Buzaye ke naɗawa a Sahara, ta koma garin shinkafa. Bunkure da Garun Malam da ƙauyukan da ke maƙwabtaka da mu suka cika da alkama da tumatir da albasa. Ni ban taɓa yi wa ruwan nan butulci ba, da shi aka yi mana rufin kwano, da shi mutanenmu da yawa suka sauke farali. Amma ya canza gida ta hanyar da ba a lissafa ba. Da can rani lokacin sarari ne, wanda bai tafi cin rani ba yana gida. Yanzu babu watan hutu: ana gama girbin shinkafa za a shiga tumatir, ana gama tumatir za a shiga wani abu. Saurayi ya ga zai iya kama ɗan fili ya sami kuɗinsa na kansa, sai gandu ya fara watsewa, kowa da tukunyarsa. Mata ma suka sami abin yi, masu turara shinkafa, masu fita tsinkar tumatir a biya su a wuni. Hannuwan da a da suke zaune a tsakar gida duk suka sami wurin zuwa. Hanyar Kano zuwa Zariya kuma ta cika da motocin kaya da babura, ta shiga kawo mana irin raunin da kakanninmu ba su sani ba.

A ƙarshen shekarun 1990 ƙanena ya hau bayan a-kori-kura tare da kwandunan tumatirinsa, za su kasuwar Kwanar Gafan. Taya ta fashe, motar ta wuntsila. Sauran sun tashi da ƙujewa, shi kuwa ƙashin bayansa ya karye, daga cibiya zuwa ƙasa babu ji babu motsi. A wani asibiti a birni suka yi iya ƙoƙarinsu, ba ni da abin faɗa a kansu sai godiya. Ranar da za a sallame mu likita ya ce, "Mun yi abin da za mu iya. Ku koma gida ku ci gaba da kula da shi." Wata nas mai kirki ta ja matarsa gefe, ina tsaye, ta ce mata, "Ki riƙa juya shi duk bayan awa biyu, dare da rana. Robar fitsarin nan kuma kada ta wuce wata ba a canza ba." Matar ta dube ni, ta dube ta, ta ce, "To, Anti, wa zai canza?" Nas ɗin ta ce mu nemi ma'aikacin lafiya a can wajenmu. Ana kiran ta a wani gadon, ta wuce. Duk karatun da aka yi wa yarinyar da ko firamare ba ta gama ba ke nan, a tsaye, da kaya a ka.

Na ga aikin da ta yi, kuma ina so a san shi dalla-dalla, don mu maza in mun ce "ana jinya" a zaure ba mu san me muke faɗa ba. Kafin asuba ta ɗora ruwa. Ta goge shi daga wuya zuwa yatsun ƙafa, ta busar da kowane lungu na fata, ta shafa man kaɗanya. Namiji ne mai jiki, ita kuwa 'yar siririya, sai ta gano dabarar ninka zani ta shimfiɗa a ƙarƙashin ƙugunsa, ta durƙusa ta ja gefe ɗaya har ya mirgina, ta tokare bayansa da matashi, ta sa wani tsakanin gwiwoyinsa. Ta buɗe jakar fitsari ta juye a bokiti, ta ɗaga ta duba ko ya yi duhu ko ya yi gurɓi. Bayan gida ba ya fita da kansa, sai ta sa safar hannu ta taimaka masa, in babu safa ta ɗaura leda. Sannan ta yi wanki, ta yi girki, ta shirya yara makarantar allo. Da dare ta tashi ta juya shi, ta koma, ta sake tashi. Wani dare na kwana a gidan na ji yana ce mini, "Yaya, ka ce mata ta kwanta haka nan, ni fa ba na jin komai." Tausayinta yake ji. Amma rashin jin nan shi ne haɗarin, domin mai lafiya in gefe ɗaya ya gaji jikinsa ne ke tashin sa ya juya, shi kuwa nasa jikin ya daina ba shi labari.

Lokacin dashen shinkafa ne ta kwanta zazzaɓi, mu kuma duk muna gona. Kwanaki kaɗan juyin ya yi ƙaranci. Sai wani jan tabo ya fito a ƙasan bayansa, daidai inda ƙashi ke danne fata, wanda ko an danna shi da yatsa ba ya washewa. Mun ɗauka zafin shimfiɗa ne, aka shafa hoda. Ya yi baƙi, ya buɗe, ashe ta ciki ya daɗe yana ci, rami ne da dunƙulen hannun yaro zai shige. Muka yi abin da kowa ke yi a ƙauye: a fasa kafso a barbaɗa, a sa zuma, a kira mai kemis ya zo da almakashi ya yanke mataccen nama gwargwadon saninsa. Shi ne kuma ke canza robar fitsarin, wani lokaci da girman da ya dace, wani lokaci da wadda ya samu. Duk canji sai zazzaɓi da rawar sanyi sun biyo baya. Ƙanena ya yi shekaru a haka, da hankalinsa da dariyarsa, yana sauraron rediyo yana yi wa yara lissafin kuɗin taki. Ba karayar ce ta kashe shi ba. Gyambon kwanciya ne da ciwon mafitsara suka shiga jininsa. Allah Ya jiƙansa. Ajali ba ya wuce lokacinsa, na yarda da wannan. Na kuma san cewa duk wanda ya yi karatun jinya, da ya leƙo ɗakin ya ga jan tabon nan, zai gane shi nan take ya ce a ɗauke nauyi daga wurin.

Tun daga nan nake raba aikin kula da wanda ya kwanta gida uku a zuciyata. Akwai na gida zalla: wanka, ciyarwa, wanki, hira, fitar da shi inuwa ya ga mutane, tuna masa lokacin salla. Wannan ba mai so gwamnati ta karɓe masa, kuma duk wanda ya ce a kwashe irin waɗannan bayin Allah a tara a wani gini bai san mu ba. Naka sai naka. Akwai na mai ilimi zalla: sa robar fitsari da cire ta, yanke mataccen nama, gane lokacin da ciwo ya shiga jini, sanin wane magani da nawa. Sannan akwai na tsakiya, wanda shi ya fi yawa, irin su juyawa, da duba fata, da taimakon bayan gida, da motsa gaɓoɓi kada su sandare, da yadda ake ba mai shanyewar ɓarin jiki kunu ba tare da ya ƙware ya tafi huhu ba. Wannan ɗan'uwa na iya yi sarai, in an koya masa, an kuma riƙa dawowa ana duba hannunsa. A wurinmu ba a duba irin aikin kafin a ce na wane ne. Ƙofar asibiti ce iyaka. Abin da ke ciki na ma'aikata ne, abin da ke waje kuwa, komai wuyarsa, na matar gida ne.

Wasu ƙasashen sun daɗe suna jayayya kan wannan iyaka, har gaban alƙali. A Ingila, tun 1948 aka raba abin biyu: magani da aikin nas kyauta ne a ƙarƙashin hukumar lafiya ta ƙasa, hidimar yau da kullum kuwa ta ƙananan hukumomi ce, kuma ana duba ƙarfin aljihun mutum a caje shi. Saboda haka duk aikin da aka tura ɓangare na biyu, kuɗinsa na iya faɗawa kan majinyaci. Wata mata mai suna Pamela Coughlan, wadda haɗarin mota ya shanye wa jiki a 1971, ta kai ƙara da aka so rufe gidan da aka yi mata alkawarin zama har ƙarshen rayuwarta. A 1999 kotun ɗaukaka ƙara ta ba ta gaskiya, ta kuma ce ƙaramar hukuma na iya ɗaukar aikin nas ne kawai in ɗan kaɗan ne da ke biye da ba da masauki. In buƙatar mutum ta lafiya ce a asali, nauyin na hukumar lafiya ne. Har yau suna ta ƙorafi kan yadda ake aiki da hukuncin, amma aƙalla akwai hukumomi biyu da za a ce wa ɗaya ta ɗauka. Su ma fa ba su tsira daga ɗaukar wahalar mace a banza ba. Alawus ɗin da suka fara ba masu jinyar 'yan'uwa a 1976 bai haɗa da matan aure ba sai a 1986, don an ɗauka jinya dama aikinsu ne.

Kada kuma wani ya ce sa hannun hukuma a wannan sha'ani tunanin Turawa ne. Malaman tarihin Musulunci sun ruwaito cewa Halifa Walid ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga 705 zuwa 715, ya sa wa makafi 'yan jagora, ya sa wa waɗanda ba sa iya tashi masu yi musu hidima, ya kuma yanka musu abin da za su ci don kada su yi bara.

Labarin ƙanena ma mai sauƙi ne, don namiji ne kuma matarsa ta zauna. In mace ce ta kwanta, abin da aka saba ji shi ne "a kai ta gida a yi jinya." Gidan nan kuwa na iyayenta ake nufi. Sai ka tarar da tsohuwa mai hawan jini tana cicciɓar 'yarta mai 'ya'ya biyar, ko a cire babbar jika daga makaranta a ce ta zauna da uwarta. Wasu mazan na biyo baya da cefane da kuɗin magani, Allah Ya saka musu. Wasu kuwa sawunsu na raguwa a hankali, har wata rana takarda ta iso. Na san gidaje a tsakanin Madobi da Kura inda yarinya 'yar shekara goma sha biyu ke yin duk aikin da na lissafa a sama, ba wanda ya nuna mata, kuma bayanta ya fara ciwo tun ba ta yi aure ba.

Gwamnatoci ba su zauna haka kawai ba. Bayan taron kiwon lafiya na Alma-Ata na 1978, musamman zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, an horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko da nufin su riƙa ciyar da babban kaso na lokacinsu a cikin gari suna shiga gida-gida. Abin da na gani a ƙauyukanmu shi ne ma'aikaci ɗaya ko biyu riƙe da asibiti guda, ga awon ciki, ga rigakafi, ga masu zazzaɓi a layi. In ya fita, wa zai bar wa? Jihar Kano ta kafa hukumar zakka da hubusi a 2003. A ƙarshen 2013 ta yi dokar hana bara a titi. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga, aka kuma kafa musu hukuma ta ƙasa a 2020. Na yi murna da dokar, kuma masu fafutukar da suka kawo ta sun cancanci yabo. Amma gurbin aiki da matakalar keke da hana bara duk maganar mai fita ce. Wanda ke kwance a ɗaki, da wadda ke durƙushe a gefensa, ba su sami wanda aka ɗora wa alhakin leƙo su ba.

Kuma yawansu ƙaruwa yake yi. Hawan jini da ciwon suga sun shigo ƙauye, shanyewar ɓarin jiki ta daina zama ciwon tsofaffi kaɗai. Yaran da shan inna ya kama a shekarun da aka dakatar da rigakafi a Kano, daga 2003 zuwa tsakiyar 2004, yau magidanta ne da matan aure. Suna tuƙa kekensu da hannu, suna sana'a, wasu ma su ke ƙera kekunan. Amma kafaɗar da ta yi aikin ƙafa shekara talatin ko arba'in tana gajiya, kuma wasunsu za su buƙaci mai ɗaga su tun kafin tsufa.

Yaƙi da shan innan nan shi ya nuna mini cewa abin da nake nema mai yiwuwa ne. Kafin a kai ga ranar 25 ga Agusta 2020, da aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali, babu gidan da ba a shiga ba a ƙasar nan. Mata 'yan gari da aka koya wa aikin suka bi lungu-lungu da akwatin ƙanƙara, suna sallama har tsakar gida inda namiji baƙo ba ya shiga, suna rubutu da alli a jikin bango, suna shafa wa yara tawada a yatsa. Dagatai da masu unguwanni suka tsaya a kai. Idan an iya wannan saboda ɗigo biyu a bakin yaro, an iya shi saboda babban mutum da ke kwance. Ga shi kuma a zangon mulki na biyu na Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, tsakanin 2011 da 2015, an buɗe makarantar koyon aikin jinya a nan Madobi. Ina ganin ɗalibanta cikin fararen kaya, 'ya'yanmu ne, sun san yadda ake sallama a gidan Bahaushe, sun san wa ke jin kunyar wa.

Ba gini nake roƙo ba. Ina so kada a sallami mai karyayyen baya ko mai shanyewar jiki sai an zaunar da wadda za ta yi jinyarsa, da wani namiji daga cikin dangi, an koya musu da hannu har sun yi a gaban nas, an kuma aika da takarda zuwa asibitin da ya fi kusa da gidansu. Ina so ziyarar irin waɗannan gidaje ta shiga cikin horon ɗaliban makarantar nan, tare da malamansu, mace ta shiga wurin mace, namiji wurin namiji. Ina so masu fitar da zakkar shinkafa da alkama a yankin nan su tuna da matar da ta bar turara shinkafa da tsinkar tumatir don ta zauna da mijinta, domin ita ma ta rasa abin hannunta. Neman gidajen ba wuya: mai unguwa ya san duk inda ake da wanda ya kwanta, in dagaci ya tambaya da safe kafin la'asar an kawo masa sunaye. Kayan aikin ma, safar hannu da ruwan wanke ciwo da auduga da bandeji da robar fitsari mai girman da ya dace, jaka ɗaya ce a bayan babur. Abin da ya rage shi ne a rubuta a takardar aikin wani ma'aikaci cewa wannan ziyara aikinsa ce, a kuma sa kuɗin man babur ɗin a kasafin ƙaramar hukuma.